Bayan Digirin Farko A Saikoloji: Yadda Za Ka Zaɓi Karatun Da Zai Kai Ka Ɗakin Duba Majinyata

Digirin farko a ilimin halayyar ɗan Adam, wanda 'yan jami'a suka fi kira saikoloji, bai isa a damƙa wa mutum majinyaci a ce ya duba shi ba. Shekara huɗun nan share fage ne. Ana koyon yadda ƙwaƙwalwa take aiki, da yadda yaro yake girma, da lissafin alƙaluma, da tsara bincike. Amma zama da matar da ta yi wata uku ba ta runtsa ba tun da aka kai hari ƙauyensu, a gano abin da ke damunta, a tsara mata magani na makonni, wannan kam sai an koma makaranta. Haka abin yake a Kaduna, haka yake a Landan, haka yake a Amurka.

Inda ɗalibai suke ruɗewa shi ne karatun gaba ya rabu gida-gida, sunayen kuma sun yi kama da juna: MSc, MPhil, PhD, PsyD, DClinPsy, EdS, MSW. Wani ya kai ka asibiti, wani ya kai ka aji ka koyar, wani kuwa ya cinye maka kuɗin shekara guda ya ajiye ka inda ya ɗauko ka. Saboda haka kada ka fara da tambayar wace jami'a ce ta fi suna. Ka fara da aikin da kake so da ƙasar da za ka yi shi, ka nemo hukumar da ke ba da izinin wannan aiki a can, ka karanta sharuɗɗanta, sannan ka taho baya-baya har ka iso kan kwas ɗin da ya cika su.

Mataki na 1: Ka tsayar da aikin da kake so

Da yawan masu cewa suna so su zama "likitan ƙwaƙwalwa" ba su rarrabe ayyuka biyar da ke ƙarƙashin wannan magana ba.

Likitan taɓin hankali likita ne cikakke. Ya yi shekara shida yana karatun likitanci, ya yi shekarar sanin makamar aiki a asibiti, ya yi bautar ƙasa, sannan ya shiga horon ƙwarewa ya ci jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Najeriya ko ta Afirka ta Yamma. Shi ne mai rubuta magani. Idan abin da kake so ke nan, hanyarka makarantar likitanci ce, babu wani digiri na biyu a saikoloji da zai kai ka can. Ko a Amurka jihohi ƙalilan ne suka yarda masanin halayya ya rubuta magani, New Mexico ta fara a 2002, Louisiana ta biyo baya a 2004, kuma sai da ƙarin karatun harhaɗa magunguna bayan digirin dakta.

Masanin halayya na asibiti aikinsa biyu ne, gwaji da magani ta hanyar magana. A turo masa saurayin da ya daina gane karatu bayan haɗarin babur, ya zaunar da shi awa guda da rabi yana yi masa gwajin basira na WAIS: ya jera masa lambobi ya ce ya maimaita su daga ƙarshe zuwa farko, ya ba shi ƙananan tubala masu launin ja da fari ya ce ya haɗa su su yi kama da hoton da ke gabansa, yana riƙe da agogo. Ko ya ba wani takardar gwajin halayya ta MMPI-2 mai tambaya 567, ya zauna ya fassara sakamakon ya rubuta rahoto. Bayan la'asar kuma ya ga mai ciwon damuwa, zama na minti hamsin kowane mako, suna bin tunanin da ke hana shi fita daga ɗaki ɗaya bayan ɗaya.

Mai ba da shawara ya fi mu'amala da matsalolin rayuwa: rikicin aure, rashin makusanci, zaɓen sana'a, ɗalibin da ya rikice. Masanin halayyar makaranta yana gano yaron da ke da matsalar koyon karatu, ya tsara wa malamai da iyaye yadda za a tafiyar da shi. Sai na ma'aikatu da kamfanoni, mai tsara yadda ake ɗaukar ma'aikata da auna ƙwazonsu. Wannan ba ya ganin majinyaci ko kaɗan, kuma a mafi yawan wurare digiri na biyu ya ishe shi.

Kafin ka yanke hukunci, ka nemi izinin yin mako biyu ko uku kana bin wani mai aikin. Wasu sai sun zauna a asibitin masu taɓin hankali ranar da layi ya cika suke gane cewa bincike da koyarwa ne suka dace da su, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Mataki na 2: Ka nemo hukumar da ke ba da lasisi

Jami'a digiri take bayarwa, izinin aiki kuwa na hukuma ne. A Birtaniya hukumar HCPC ce take rajistar masu wannan aiki tun 2009, kuma laifi ne mutum ya kira kansa masanin halayya na asibiti alhali ba ya cikin rajistarta. A Amurka kowace jiha da hukumarta da sharuɗɗanta. A Afirka ta Kudu HPCSA ce. A Ghana akwai majalisar masana halayya da dokar 2013 ta kafa. A Faransa, wadda ɗaliban Nijar da Kamaru da Chadi suka fi nufa, wata doka ta 1985 ta kare sunan aikin: sai mai digirin farko da na biyu duka a saikoloji, wanda ya yi horon aiki na awa 500, yake da ikon amfani da shi. Wanda ya yi digirin farko a wani fannin ya tsallako na biyu, to bai cika sharaɗi ba, ko da ya fi kowa maki.

A Najeriya tsarin bai gama zama daram ba tukuna. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, ita ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Akwai ƙungiyar masana halayya ta ƙasa, NPA, da ta masu aikin asibiti, NACP, su kuma masu ba da shawara suna da CASSON. Ka tuntuɓi wadda ta shafe ka tun kafin ka sayi fom, ka tambaye su kai tsaye ko suna karɓar waɗanda suka gama kwas ɗin da kake hari.

Lasisi ba ya tsallaka iyaka da kansa. Wanda ya ƙware a Ibadan ya koma Manchester sai ya sake neman rajista, an duba awoyin horonsa ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na 3: Ka auna hanyoyin

A gida. Sashen saikoloji na farko a Najeriya an buɗe shi ne a jami'ar Nsukka a 1964. Yau ana yin digiri na biyu a ɓangaren asibiti a jami'o'i kamar Ibadan da Nsukka da Jos, wanda bisa tsari shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne, da darussa da horo a asibiti da kundin bincike. Na ce bisa tsari, domin wanda yajin aikin ASUU na 2022 ya rutsa da shi ya yi wata takwas a zaune. Ana neman takardar bautar ƙasa da sakamako mai kyau, wanda ya fito daga wani fannin kuma yawanci sai ya fara da babbar difiloma ta PGD. Horon aiki ana yin sa a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Aro a Abeokuta, Yaba a Legas, da sauransu. Ga mai son ɓangaren makaranta da ba da shawara, tsangayar ilimi ta ABU Zariya da ta Bayero a Kano suna da shi har zuwa digiri na uku. Sai dai a lura, digiri na biyu a ba da shawara ba ya mai da mutum masanin asibiti, kuma mutane suna yawan haɗa su.

A ganina, wanda ya san a Arewa zai yi aikinsa kada ya raina wannan hanya. Kuɗinta da sauƙi, majinyatan da zai koyi aiki a kansu su ne waɗanda zai ci gaba da gani har ya yi ritaya, kuma buƙata ta yi yawa. Ƙungiyoyin agaji a Borno da Yobe da Adamawa sun daɗe suna neman masu jin Hausa da Kanuri da suka iya wannan aiki.

Ghana da Afirka ta Kudu. Jami'ar Legon tana da MPhil na ɓangaren asibiti. A Afirka ta Kudu ana yin shekara guda ta darussa da horo, shekara guda ta sanin makamar aiki, a ci jarrabawar hukuma, masu ɓangaren asibiti kuma su ƙara shekarar yi wa al'umma hidima. Gurabe kaɗan ne, ana tankaɗe da rairaya sosai.

Birtaniya. A nan ne tarkon da ya fi cin mutanenmu yake. Jami'o'in Ingila da yawa suna tallan mastas na shekara ɗaya mai suna kamar "saikoloji na asibiti" ko "lafiyar ƙwaƙwalwa". Karatu ne mai amfani, amma ba ya ba ka rajistar HCPC, kuma galibinsu sun rubuta haka a ƙasan shafinsu da ƙananan baƙaƙe. Hanyar gaskiya ita ce DClinPsy, digirin dakta na shekara uku. Kafin ka nema, sai ƙungiyar masana halayya ta Birtaniya, BPS, ta amince da digirinka na farko ta ba ka matsayin da ake kira GBC. In bai cika ba, akwai mastas na sauya layi da aka tsara don haka. Sai gogewar aiki, wadda mafi yawa suke samu a matsayin mataimakin masani a asibiti. Ana nema ta wata cibiya guda da ke Leeds, ana rufewa a Nuwamba. Wanda hukumar lafiya ta NHS ta ɗauki nauyinsa albashi ake biyan sa yana karatu, amma waɗannan gurabe na masu cikakken izinin zama da aiki ne a ƙasar. Baƙo sai dai ya nemi 'yan guraben da wasu jami'o'i suka ware wa masu biya da kansu, kuɗin kuma ba na wasa ba ne.

Amurka. Wannan tsarin ya fi kowanne rassa, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

A 1949 masana suka taru a garin Boulder na jihar Colorado suka yanke cewa masanin asibiti ya zama mai bincike kuma mai duba majinyata a lokaci guda. Daga nan PhD na ɓangaren asibiti ya samo tsarinsa. Da tafiya ta yi nisa sai wasu suka fara ƙorafin cewa ana shafe shekaru ana koya wa mutum bincike alhali asibiti zai ƙare. Jami'ar Illinois ta buɗe wani sabon digiri, PsyD, a 1968, taron Vail na 1973 kuma ya amince da shi. Shi ya sa yau ake da digirin dakta iri biyu, kuma duka suna kai mutum ga lasisi iri ɗaya.

Bambancinsu a aikace ya fi bambancinsu a takarda. PhD yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Sashe ya ɗauki mutum biyar ko takwas cikin ɗaruruwan da suka nema, kuma ba sashen ne yake zaɓen ka ba, wani farfesa ne guda yake cewa yana son ka a ɗakin bincikensa. A manyan jami'o'in bincike ana yafe kuɗin makaranta, a riƙa ba ka alawus kana koyarwa ko kana taya bincike. PsyD shekara huɗu zuwa shida ne, ana ɗaukar ɗalibai da yawa, shiga ta fi sauƙi, horon asibiti yana farawa da wuri, amma galibi kai za ka biya. 'Yan ƙasa suna cin bashin gwamnati su biya, baƙo ba shi da wannan damar. Saboda haka ɗan talaka daga Katsina ko Maraɗi, in Amurka ya nufa don digirin dakta, ƙofar da ta rage masa a zahiri ita ce PhD mai tallafi, wato wadda ta fi wuyar shiga. Akwai wasu PsyD na jami'o'i, kamar na Rutgers, masu suna mai kyau da ƙananan azuzuwa, amma su ma gasar tana da zafi.

Ba kowa ne yake buƙatar dakta ba. Mafi yawan masu yi wa mutane magani ta hanyar magana a Amurka digiri na biyu gare su. Akwai mastas na ba da shawara, wanda hukumar CACREP take tantancewa, da na harkar aure da iyali, da MSW na walwalar jama'a, wanda yake kai mutum ga lasisin LCSW. Shekara biyu zuwa uku, sai awoyi kamar dubu biyu zuwa dubu uku ƙarƙashin kulawar wani ƙwararre, sai jarrabawa. Mai son makaranta kuma yana da EdS: shekara uku, ta ƙarshen horon aiki ne na awa 1,200, aƙalla rabinsu a cikin makaranta. Abin da waɗannan ba su bayarwa shi ne zurfin gwaje-gwaje da kujerar koyarwa a babbar jami'a. In ba su kake nema ba, shekara bakwai ta PhD asarar lokaci ce.

Mataki na 4: Ka binciki makarantar kafin ta bincike ka

Tambaya ta farko ita ce tantancewa. A Amurka ƙungiyar masana halayya ta ƙasar, APA, ita ce babbar mai tantance digirin dakta na asibiti da na ba da shawara da na makaranta, sai PCSAS ga shirye-shiryen da suka fi karkata ga bincike. Kada ka yarda da abin da shafin jami'ar ya faɗa, ka je jerin da hukumar ta wallafa ka ga sunan da idonka. Digirin da ba a tantance ba yana iya hana ka wurin horo mai kyau, a wasu jihohin ma ya hana ka lasisi.

APA ta wajabta wa kowane shirin da ta tantance ya wallafa wani jadawali na shekarun baya a shafinsa. Mutane ba su cika buɗe shi ba, alhali duk amsar tana ciki. Za ka ga mutum nawa aka ɗauka, shekara nawa suka yi kafin su gama, nawa suka bari a hanya, nawa ne kuɗin shekara, kashi nawa suka samu wurin horon da aka tantance, kashi nawa suka samu lasisi. Ka ɗauki jadawalin makarantu biyu ka jera. In ka ga ana ɗaukar mutum sittin a shekara, kuɗi ya yi sama, waɗanda suke samun wurin horo kuma ba su taka kara sun karya ba, ka san kasuwanci ake yi. Jami'ar Argosy, wadda ta kasance cikin manyan masu ba da PsyD, ta rufe farat ɗaya a Maris na 2019, ɗalibai suka wayi gari da bashi a wuya babu makaranta.

A gida babu irin wannan jadawalin, sai ka yi tambayar da bakinka. Ka nemi ɗaliban da suke ciki, ba ofishin ɗaukar ɗalibai ba. Malamai nawa ne a sashen suke ganin majinyata da kansu? Wane asibiti ake tura ɗalibai, kuma wa yake duba aikinsu a can? Akwai kayan gwaji na ainihi, ko kwafin hoto ne na tsohon bugu? 'Yan ajin da suka shiga shekara uku da suka wuce, nawa suka kare kundinsu? Amsar wannan ta ƙarshe takan isa.

Mataki na 5: Ka gina kanka shekara guda ko biyu kafin ka nema

Maki kaɗai ba ya shigar da mutum. Masu son PhD su nemi gogewar bincike: ka je wurin lakcaran da yake rubuce-rubuce da gaske ka ce za ka taya shi tattara bayanai da shigar da su kwamfuta, ko ba ko sisi. Ka iya SPSS sosai, wato manhajar kwamfuta ta lissafin alƙaluma, in da hali ka koyi irinta mai suna R, wadda kyauta ce. Ka gyara furojet ɗinka na ƙarshe ka gabatar da shi a taron NPA, ko ka tura shi mujallar da take tace aiki. Ka guji mujallun da ake biya yau a buga gobe, farfesoshin waje sun san su, kuma suna rage wa mutum daraja maimakon su ƙara.

Masu son asibiti su yi amfani da shekarar bautar ƙasa. Ka nemi a tura ka asibitin ƙwaƙwalwa, ko cibiyar gyaran masu shaye-shaye, ko makarantar masu buƙata ta musamman, ko ƙungiyar agaji. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da littafin horo kan lafiyar ƙwaƙwalwa na mhGAP da na PM+, ana sauke su kyauta, kuma da su ake aiki a sansanonin 'yan gudun hijira. Wanda ya zo intabiyu ya san su ya riga ya yi wa sauran nisa.

Mataki na 6: Takardu da lokaci

Ga mai nufin Amurka, shekara tana tafiya kamar haka. Daga Yuni zuwa Agusta ka tara sunayen farfesoshin da bincikensu ya yi daidai da naka, ka karanta aƙalla rubutu biyu na kowanne. A Satumba ka duba shafinsu ko sun ce za su ɗauki ɗalibi a bana. In ba su faɗa ba, ka tura gajeren imel, layi biyar ko shida, ka tambaya. Galibin shirye-shirye suna rufewa wajen 1 ga Disamba. Intabiyu a Janairu da Fabrairu. Wanda aka ba gurbi mai tallafi yana da har 15 ga Afrilu kafin ya ba da amsa, kada wani ya matsa maka lamba kafin nan.

Tiranskirif shi ne abin da ya fi ɓata wa ɗalibanmu lokaci. Ka fara nemansa wata shida kafin ranar rufewa, ka kuma samu wanda zai riƙa leƙa maka ofishin. Wasu jami'o'in suna so a bi da shi ta WES, wata cibiyar tantance takardun karatu, domin a mayar da makin zuwa ma'auninsu, wannan ma makonni ne. Jarrabawar GRE ta shiga karatun gaba da digirin farko, makarantu da yawa sun daina nemanta tun daga 2020, wasu kuma suna yafe wa ɗan Najeriya jarrabawar Turanci ta TOEFL, amma kowace makaranta da dokarta, ka duba ɗaya bayan ɗaya.

Wasiƙun shaida uku ake so. Makarantar za ta tura wa malaminka mahaɗi ta imel ya ɗora da kansa, ba kai za ka karɓo a ambulan ba. Ka zaɓi wanda ya san aikinka ko da ƙaramin lakcara ne, ya fi shugaban tsangayar da zai rubuta layi uku cewa kai yaro ne mai ladabi. Ka kai masa taƙaitaccen tarihinka da jerin ranakun rufewa, ka tuna masa cikin girmamawa sau biyu ko uku.

Sai bayanin kai. Kusan kowa yana farawa da cewa tun yana yaro yake son taimakon mutane, kuma masu karantawa sun gaji da ji. Ka faɗi tambayar da take damun ka, misali me ya sa iyalai suke kai mai taɓin hankali wurin mai ruƙiyya shekara biyu kafin su kai shi asibiti, me ka riga ka yi a kanta, da dalilin da ya sa wannan farfesan ne zai iya koya maka sauran. In kana da labarin rashin lafiya a gidanku, jimla ɗaya ta isa. Wurin neman aiki ne, ba wurin kai kuka ba.

Mataki na 7: Kuɗi da biza

Kowane fom na Amurka yakan ci daga dala 50 zuwa sama da 100, kuma masu neman PhD sukan cika goma ko fiye. Ka nemi a yafe maka, wasu suna yafewa in an tambaya. Bayan samun gurbi akwai kuɗin rajistar ɗaliban waje ta SEVIS dala 350 da na biza dala 185. Ofishin EducationUSA da ke Abuja da Legas yana ba da shawara kan duk wannan. Dokokin shiga ƙasar kuwa suna sauyawa da sauri: a 2025 an rufe wa 'yan Chadi da Sudan ƙofa, an kuma ƙara tsaurara wa wasu ƙasashen Afirka. Ka tabbatar da matsayin fasfonka kafin ka kashe naira ɗaya. Tallafin Chevening na Birtaniya na mastas ne na shekara ɗaya kawai, ba zai biya maka DClinPsy ba.

'Yar'uwa mai aure ko mai goyo ta sa shekarar horon ƙarshe cikin lissafi tun yanzu, domin tana iya kai ta wani gari daban. Gara a zauna da maigida da iyaye a yi maganar tun kafin a cika fom.

Mataki na 8: Abin da ke bayan darussa

Gama aji ba gama karatu ba ne. A Amurka shekarar ƙarshe ta digirin dakta horo ne na cikakken lokaci, kimanin awa 2,000. Ana samun wuri ta tsarin APPIC: ɗalibi ya jera wuraren da yake so, su ma su jera ɗaliban da suke so, kwamfuta ta haɗa, a sanar a Fabrairu, kuma inda aka haɗa ka can za ka. Baƙo yana da ƙarin cikas biyu. Asibitocin tsoffin sojoji, waɗanda suke cikin manyan masu ba da wannan horo, da gidajen yarin tarayya, ɗan ƙasa kaɗai suke ɗauka. Sannan mai bizar ɗalibi da ya cika wata 12 cur yana aikin cikakken lokaci da izinin CPT, na aikin horo a lokacin karatu, ya rasa damar OPT, wato shekarar aiki ta bayan kammalawa, wadda a cikinta ne zai tara sauran awoyinsa. Ka zauna da ofishin ɗaliban waje tun shekara ta uku ku tsara ranakun.

Daga nan sai jarrabawar neman lasisi ta EPPP, tambaya 225, jihohi da yawa suna neman maki 500 a ma'aunin da ya tsaya a 800. Sai awoyin aiki ƙarƙashin kulawa. California tana neman 3,000, aƙalla rabi bayan an karɓi digiri, New York 3,500. Wasu jihohin suna ƙara jarrabawar dokokinsu.

Mai niyyar dawowa gida ya san cewa kayan gwajin da ya ƙware a kansu an auna su ne da mutanen can. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba, za ta faɗi gwajin zane, amma ba don ƙwaƙwalwarta ta taɓu ba. In kana neman batun kundi da zai yi maka amfani a nan da can, daidaita ɗaya daga cikin waɗannan ma'aunai ga masu jin Hausa aiki ne da farfesoshi suke maraba da shi.

Ko a ina ka yi horon, ka buɗe kundi tun ranar farko. Kowane zama ka rubuta kwanan wata, da awoyi, da irin matsalar, da shekarun majinyaci ba tare da sunansa ba, da gwajin da ka yi, mai duba aikinka ya sa hannu duk ƙarshen wata. Ka adana manhajar kowane darasi da ka ɗauka, a takarda da kuma a intanet. Hukumomin lasisi na Ingila da Kanada da Amurka suna tambayar waɗannan ko bayan shekara goma, lokacin da mai duba aikin naka wataƙila ya yi ritaya ko ya bar ƙasar. Ƙungiyar ASPPB, wadda take shirya EPPP, tana da ma'ajiyar da ɗalibi zai iya zuba irin waɗannan takardu tun yana makaranta.